Ƙofar Inna Mai Wanki

Matar mai gidan hayarmu ce ta fara ba ni labarin Inna Mai Wanki, ranar da muka tare, ko kaya ban gama kwancewa ba. Ta ce, "In za ki yi shanya, kar ki dubi sama, kar ki saurari rediyo. Ki dubi tsohuwar nan ta ɗakin ƙarshe. In ta hau saman bene da bokiti, ki bi ta. In ta zauna, ke ma ki zauna."

Inna tana amarya ta shigo gidan nan. Mijinta direba ne, Allah ya jiƙansa, ya rasu ya bar mata ɗaki ɗaya, baho biyu, dutsen guga da 'ya'ya mata uku. Da wanki ta rene su har ta aurar. Shekara talatin da wani abu tana hawa bene hawa uku da jiƙaƙƙun kaya, ta shanya, ta sauko, ta tafi kai wa mutane gugarsu har can bayan kasuwa. Kuma ko sau ɗaya ruwan sama bai taɓa dukan kayan da aka ba ta ba. Shi ya sa masu fararen kaya duk wurinta suke kawowa, har limamin unguwa.

To kun san lokacin nan da zafi ke kai mutum bango, iska ta tsaya cak, ka yi wanka ka fito kana zufa, gishiri ya narke a kwano. Sai mai rediyo ya ce zafi zai ƙaru, iska ta yi laima, ana sa ran hadari da tsawa a wasu sassan yankin. Inna ta taɓe baki ta ce, "Wasu sassan! Ni sashena nake tambaya, ɗan nan."

Mu dai mun yanke cewa baiwa ce Allah ya yi mata, don ba ta wasa da sallah. Ita kuwa ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba.

A gidan akwai wata mata, uwar kafinta, mai son lada kamar a kasuwa ake rabonsa za a tashi ba ta samu ba. Ba sai na ɓoye ba, ni ce. Wata safiya na ga Inna tana fama da ƙofar ɗakinta, ƙofa ta cije, tsohuwa tana sa kafaɗa tana nishi. Na ce a raina, baiwar Allah irin wannan, ga ɗana kafinta, ai lada ne ya zo har gida.

Da ta tafi duba 'yarta kwana biyu ta bar mini makulli, sai na kira ɗana. Ya duba ya ce, "Umma, katakon ne ke shan laima ya kumbura. Kin tambaye ta kuwa?"

Na ce, "Ana tambaya a aikin alheri? Kankare!"

Ya kankare gefen ƙofar tas, na share ɓarɓashin, na ja bakina na yi gum, don na ji malam ya ce sadakar ɓoye ta fi lada.

Inna ta dawo. Da safe ta taɓa ƙofa da yatsa ɗaya, ƙofa ta buɗe salin alin. Ta tsaya ta dube ta. Ita ma jikinta ya gaya mata iskar nan da nauyi, amma shekara talatin ƙofar ba ta yi mata ƙarya ba. Ta kwashi wanki ta hau sama, fararen rigunan liman biyu, ga wani jan zani mai zuba a igiyar gefe. Ta ɗauki guga ta tafi. Mu ma duk muka bi ta muka shanya, ni har da katifa.

Kafin la'asar gabas ta haɗe baƙi ƙirin. Tsawa ɗaya, sai ruwa da iska. Kafin mu kai hawa na uku, jan zanin nan ya nannaɗe rigunan liman kamar sun daɗe ba su gaisa ba.

Inna ta shigo jiƙe sharkaf, ta zauna bakin ƙofarta da rigunan a cinya, ta ce, "Yau ta ci amanata." Na ce wa? Ta ce ƙofar mana. In ta cije, ruwa na tafe kafin gobe, in ta saki, a yi shanya. Ashe baiwar ke nan.

Wallahi da ƙasa za ta tsage da na shige. Na durƙusa na ce, "Yaya, ni ce. Lada nake nema."

Ta ɗaga rigunan ta nuna mini. Ta ce, "To kin samu? Don ni ban ga nawa ba."

Tare muka je wurin liman na faɗi gaskiya da bakina. Ya ɗaga riga ya ga ta koma ruwan hoda, ya yi dariya har da hawaye, ya ce ya yafe, amma nan gaba in lada ya taso mini in fara yin sallama. Shi bai janye kayansa ba, amma mutum biyu sun janye, sun ce tsufa ya kama Inna.

Ɗana ya ce zai yi mata sabuwar ƙofa. Ta ce, "Sabuwa ta san me? Sai na mutu kafin ta koya." Ta bi ɗakunan gidan tana tura ƙofofi ɗaya bayan ɗaya, har ta zo kan ta kicin ɗina, wadda shekara shida ina roƙon kafintan da na haifa ya gyara. Ta sa kafaɗa, ƙofa ta yi ƙara ta ƙi. Fuskarta ta washe. Ta nuna ɗana da yatsa ta ce, "Ka taɓa wannan, ni da kai ne."

Yanzu kullum bayan sallar asuba sai ta zo ta gwada ta, sannan ta sanar wa gida. Bana ruwa bai taɓa mata ko hankici ba, ɗaya daga cikin masu janyewar ma ya dawo. Ni ce dai kafaɗata ke ciwo, kuma ba ni da bakin ƙorafi. Ɗazu ma ta zo, ƙofar ta cije, ga ta can zaune tana guga, ta ce kowa ya bar wankinsa a bokiti.