Filo Na Biyar

Gwaggo ba ta ɗinka kayan sawa. Labule take ɗinkawa, da rigar kujera, da filo, a wani siririn shago tsakanin mai gyaran agogo da mai sayar da fenti. Sana'ar ta koya mata kallo. In ta shiga gidan mutane awon taga, kafin ta naɗe tef ɗinta ta gane kujerar da maigida ke zama, da wadda aka tanadar wa baƙi, da kusurwar da yara suka mayar tasu. Ba tsegumi ba ne, don ba ta taɓa kai zancen wani gida wani gida ba. Ita dai tana son ta san yadda mutane ke zama.

A ƙarƙashin teburin yankanta Auta, 'yar ƙanenta, ta yi rarrafe, a kansa kuma ta yi aikin makaranta har ta gama jami'a. Da Auta ta samu gurbin ƙaro karatu a ƙasar waje, aka ce a gidan wasu mutane za ta sauka, sai maganar tsarabar da za ta kai musu ta taso. Babanta ya ce turare. Auta ta ce ta karanta cewa ƙaramin abu ya fi, wanda ba zai sa su jin nauyi ba.

"Su wane ne mutanen?" in ji Gwaggo. "Na taɓa yi wa taga labule ban gan ta ba?"

Auta ta miƙa mata waya. Hoton da suka aiko ne: mata da miji da 'ya'yansu biyu, sun kewaye teburin cin abinci suna murmushi. Gwaggo ta gyara tabarau, ta sa yatsu biyu ta buɗa hoton. Ba fuskokin ta tsaya a kai ba. Ta duba labulensu, ta ce bai kai ƙasa ba. Ta duba ƙafafun tebur. Can ta ce, "Huɗu."

"Eh, su huɗu ne."

"Kujerun nake nufi. Katako ne zalla, ko filo babu. Ke a ina za ki zauna?"

"Gwaggo, ai ɗaki za su ba ni."

"A ɗakin za ki riƙa cin abinci ke kaɗai, kamar marar lafiya?"

Ta san 'yarta. Auta irin yaran nan ce da in ta tarar ba wurin zama, sai ta ɗauki farantinta ta sulale, in an tambaye ta ta ce ta fi son haka. Tana iya shekara biyu a gidan nan ba ta taɓa zama a teburin ba.

"Don Allah kada ki ce in tambaye su," in ji Auta.

"Ni na ce ki tambaya? Da wane bakin? Wanda ko a nan sai an yi da gaske yake buɗewa?"

Gwaggo ta zaro wani yadi mai kauri da ta daɗe tana ɓoyo, ta yanka soso, ta hau keken ɗinki. Filon kujera ta ɗinka, kowanne da igiyoyin ɗaurewa a baya. Biyar.

Ƙanenta ya leƙo shago ya riƙe baki. "Yaya, mutane na kai turare, ke za ki cika wa yarinya akwati da soso? Kuma lissafin naki ya kwance, kujeru huɗu ne."

"Kai da aka tura sayen maɓalli ka dawo da zif, kai ne za ka koya min lissafi? Zo ka hau akwatin nan mu rufe."

Sai da Auta ta bar takalmi ɗaya da rigar sanyi kafin akwati ya rufu.

Bayan tafiyarta hotuna suka fara zuwa: titi, tashar mota, tagar ɗakinta. Ban da tebur. Gwaggo takan buɗa kowanne har ya dushe, ta tambayi nauyin ƙofarsu da inda suke shanya, amma abin da take son ji ta kasa tambaya. Ko filon na nan cikin akwati?

Wata rana tana tsaka da kalmasa labule waya ta yi ƙara.

"Gwaggo, sai jiya na iya ba su."

"Sai jiya! To?"

"Matar gidan ta ƙirga, ta sake ƙirgawa, ta kalli mijinta. Sai ya tashi ya jawo kujerar ɗakin karatunsa. Yaran har faɗa suka yi kan wanda zai zauna kusa da ni."

Hoton ya shigo. Kujeru huɗu iri ɗaya, da wata ƙatuwa mai hannu ta matse a tsakaninsu, farantin Auta a gabanta. Gwaggo ta cire tabarau, ta goge da gefen labulen mutane, ta mayar. Ta buɗa hoton.

"Wannan ta fi sauran faɗi. Filon bai rufe ta ba. Auno min ita."

"Da me, Gwaggo?"

"Duba aljihun akwatinki na gefe. Na sa miki tef."