Inna Sunrye, Mai Ɗaga Fatar Ido

"Minti biyu ne a kwamfuta, Inna. In kwafi idon dama, in juya shi, in ɗora a hagu. Shi ke nan."

"Ka je ka ɗora wa uwarka."

"Uwata ta rasu da idonta biyu lafiya lau."

"Ni na daidaita mata su ranar bikinta, mara kunya. Kai kana ina lokacin?"

Bong Gichol ya sosa ƙeya. Shagon hoton nasa ne, gadon mahaifinsa, a bakin kasuwar kifi ta Mokpo, garin bakin teku. Amma matar da ke zaginsa ta riga shi shiga shagon, tun ba a haife shi ba. A kujerar gaban madubi kuwa wata tsohuwa ce zaune cikin kayan gargajiya ruwan hoda, idonta na hagu a rufe rabi, tana jira su gama.

Mai zagin sunanta Tak Sunrye. Shekara arba'in da biyu tana aiki ɗaya: gyara fuskar mutum kafin a ɗauke shi hoto. Hoda da jan baki kowa na iya shafawa. Abin da ke kawo mutane wurinta daga tsibirai a jirgin ruwan safe shi ne fatar ido. Wani an haife shi da ninki a ido ɗaya, ɗayan a shafe. Wani tsufa ya sauko masa da fata har kan gashin ido. Wata ba abin da ya same ta, so take kawai idonta ya buɗe kamar na matan talabijin. Sunrye takan ɗaga fatar, ta yi mata ninki da siririn salatif ko ɗigon gam, ta rufe da hoda. Kyamara ba ta gani.

Ƙarfe bakwai take buɗe ƙofa. Ba ta shan kofi, wai yana sa yatsu rawa. Shayin sha'ir take dafawa, ta riƙe kofin har tafinta ya yi ɗumi, don kada ta taɓa fuskar mutum da hannu mai sanyi. Daga nan ta zauna da ƙaramin almakashi ta yanka salatif irin na asibiti sala-sala, kowane kamar jinjirin wata, ta jera a gefen faranti. Ba ta amfani da yankakken na kanti. Ta ce ido ɗaya aka auna aka yanka wa duk ƙasar, ita kuwa ba ta taɓa ganin ido biyu iri ɗaya ba, ko a fuska ɗaya.

Kuma ba ta fara aiki sai ta sa mutum dariya. Takan tambayi saurayi wane maƙiyinsa ne ya yi masa aski, ko ta tambayi amarya ko ta ga angon da rana kafin ta yarda. In mutum ya yi dariya ya ɗago kai, wani ɗan layi yakan bayyana a fatar idonsa, ya ɓace nan da nan. Shi take bi. Ba ta ƙirƙirar layi inda babu.

Mu da muka tashi a layin nan mun ga abubuwa. Akwai yarinyar da ta shekara biyu tana shafa gam a banɗakin makaranta kowace safiya, har fatar idonta ta kumbura ta yi ja kamar an dafa. Ta zo hoton kammala karatu tana roƙon a ƙara mata. Sunrye ta wanke mata da ruwan ɗumi, ta shafa mata magani, ta kore ta gida kwana goma. Yarinyar ta fita tana kuka tana kiranta mayya. Da rana Sunrye ta rufe shago, ta hau bas ta je ta tsaya a ƙofar ofishin malamai har aka yarda a jira hoton mutum ɗaya. Yarinyar nan ita ce yau ke sayar da tikiti a tashar jirgin ruwa. Ku je ku dubi idonta, ba tabo ko ɗaya.

Akwai kuma mai waldan da tartsatsi ya ƙona wa ido a wurin ƙera jirgi. Shekara shida bai yarda an ɗauke shi hoto ba, har da na aurensa. Ya shigo wata Asabar da hula har kan gira. Ya fita da hular a hannu.

Ke ce, Inna, kike sanin abin da mutum ke ɓoye wa madubi. Kin taɓa fuskar rabin unguwar nan, ba a taɓa jin sirrin ko ɗaya a bakinki ba. Hotunanmu suna kan katin aiki, suna bangon ɗakuna, suna cikin jakar 'ya'yan da suka tafi Seoul ba su dawo ba. A ƙasan kowane, sunan shago aka buga. Naki ba ya ko'ina.

Tun sanyin bara hannunta na dama ya fara rawa. Ta ɓoye. Takan jingina gwiwar hannu a kan tebur, ta riƙe numfashi. Gichol ya gani ya kau da kai, don ba mugu ba ne, gajiyayye ne kawai. Masu zuwa sun ragu, kowa na gyara fuskarsa a waya. Rannan da ya kawo zancen kwamfuta, ba sauri yake yi ba. Tsoro yake ji kada ta ji kunya a gaban mutum.

Tsohuwar da ke kujera ita ce Yom Malsun, mai yankan kifi a layi na uku tun kafin a yi wa kasuwar rufi. Shanyewar ɓarin jiki ta kama mata hagu, hannu da ƙafa da fatar ido. Ranar Litinin ɗanta zai zo ya kai ta gidan tsofaffi a Gwangju, kuma kowa ya san daga can ba a dawowa kasuwa. Hoton tsawon rai ta zo ɗauka. Haka muke kiransa don kada mu kira shi da sunansa. Shi za a jingina cikin fararen furanni a ɗakin makoki, shi kuma jikoki za su riƙa durƙusa wa kowace shekara, da shinkafa da miya a gabansa.

Rannan ita ce ta raba wa Sunrye da Gichol gardamar, bakinta na ja gefe ɗaya. Ta ce ranar makokin ƙawarta Oknyo ta shiga ta ga hoton, ta juya za ta fita, ta zaci ɗakin wata gawar ta shiga.

"Ido biyu sak, kamar na kifin da ya kwana a ƙanƙara. Kai, ɗan Bong, ba na son idon aro. Nawa nake so. Jikokina ba za su durƙusa wa tsohuwa mai gyangyaɗi ba, ba kuma za su durƙusa wa baƙuwa ba."

Gichol ya ɗaga kafaɗa ya koma bayan kyamara.

Sunrye ta ja kujera. Ta tambayi Malsun ko gaskiya ne tana danna sikelinta da babban yatsa in tana auna kifi. Malsun ta yi dariya har da tari, ta ce ai da yatsan ta sa yaro a jami'a. Layin ya fito, siriri, can sama da inda fatar ta faɗo. Sunrye ta gani. Ta ɗauki sala ɗaya da ɗan hantsaki, ta matso.

Hannun ya karkata. Salatif ɗin ya sauka a karkace, idon ya buɗe da kusurwa kamar na mai fushi. Ta jiƙa auduga ta ɓare shi a hankali. Ta sake. Na biyu ya naɗe a kansa tun kafin ya zauna. Da ta ɓare shi, wurin ya yi ja. Fatar 'yar shekara saba'in da tara kamar jiƙaƙƙiyar takarda take. In aka ɓare na uku za ta tsage, kuma ba hodar da ke rufe jini. Sunrye ta sani. Gichol ma ya sani, shi ya sa ya duƙar da kai yana goge gilashin da ba shi da datti.

Ta ajiye hantsakin a cinyarta. Ta daɗe tana kallon hannun kamar na wani ne.

"Yaya Malsun, hannun ya tafi," in ji ta. "Ki bar yaron ya yi miki nasa."

"Miƙo nan in gani."

Malsun ta miƙa hannunta na dama, mai lafiyar, wanda ya shekara hamsin yana danne kifi mai rai a kan katako. Ta damƙi wuyan hannun Sunrye. Rawar ta ƙi tsayawa, ta ƙara matsewa har wurin ya yi fari.

"Na riƙe waɗanda suka fi ki santsi. Ke dai nuna hanya."

Haka aka yi shi, hannu biyu na mata biyu, babu mai cikakken ƙarfi a cikinsu. Sunrye ta dinga cewa sama kaɗan, dama kaɗan, tsaya. Salatif ɗin ya sauka a kan layin. Ta danna shi da ɗan tsinke mai baki biyu, fatar ta naɗe ta shige, idon ya buɗe. Bai kai na dama ba. Da gangan ta bar shi ƙasa da kaurin gashi ɗaya, don kuwa haka yake tun Malsun na budurwa.

Fatar da ta shanye ba ta riƙe salatif da daɗewa, idon da ba ya kiftawa sosai kuma hawaye yake kawowa. Gichol bai jira an gaya masa ba. Ya kunna fitila, ya ce Kaka ta dubi nan, ta tuna da sikeli. Ya danna sau huɗu. A na biyar hawaye ya gangaro, fatar ta sauka. Ya buɗe hoton a kwamfuta, ya daɗe yana kallo, bai taɓa komai ba ya aika a wanke.

Malsun ta dubi takardar ta ce, "To, wannan ce ta sayar muku da kifi." Ta naɗe ta a cikin ɗankwali ta tafi tana jan ƙafa.

A ranar Sunrye ta wanke almakashinta, ta ce ta gama.

Mun gode, Inna. Ba mu da lambar yabo, ba mu da taro, kuma da mun kira ki ba za ki zo ba. Mun gode da ɗumin hannu. Mun gode da ranakun da kika ce a'a. Ku kuma 'yan'uwana da ke zaune kuna jiran sakamakon jarrabawar da ba za ta zo da komai ba, gidanta yana bayan shagon mai wainar shinkafa, hawa na biyu. Ta ce duk mai so ya zo ta nuna masa, da baki, tunda hannu ya ƙi. Sati uku ke nan da ta faɗa. Ba wanda ya hau matakalar.

Kafin ta fita rannan, Gichol ya tare ƙofa. Ya ce shekara arba'in da biyu ba ta taɓa zama a wancan gefen ba, ta zauna ya ɗauke ta nata na tsawon rai. Ta zage shi, ta ce yana yi mata fatan mutuwa don ya huta da shayin sha'ir. Amma ta zauna.

Ta dubi madubi. Shekarun ƙanƙance ido a kan fuskokin mutane sun sauko mata da fatar duka biyu, har sun kwanta a kan gashin idonta. Saura sala ɗaya a gefen faranti. Ta ɗauka da hantsaki, ta ɗaga, yana karkarwa a iska kamar ganye. Gichol na bayan kyamara, yatsansa a kan maɓalli. Ta dube shi, ta dubi kujerun jira da babu kowa a kansu.

"To ni wa zai riƙe mini?"