La'adar da Na Mayar wa Malamin Makaranta

Ni dai wawa ne, kuma ba jiya na fara ba. Aji biyu na yi a firamare, malaminmu ya ce wa babana ya mayar da ni gona, ko ba komai can ba a tambayar mutum lissafi. Na yi noma, na yi dillancin awaki a kasuwar Ɗanbatta, da gwiwa ta fara ciwo na koma dillancin gidaje da filaye, don su ba sa tsinke igiya su ruga. Duk wautar da na tafka a sana'o'in nan na san kanta na san gindinta. Guda ɗaya ce har yau ban gane ba, wauta ce ko dabara.

A garinmu gida da gona a manne suke. Ka tofar da yawu ta kan katanga, a gyaɗar wani zai sauka. Saboda haka ba kullum ake sayar da gida ba, in kuwa za a sayar, kowa ya sani tun kafin mai gidan ya gama yanke shawara. Mu dillalai muna da benci a gindin darbejiya kusa da tasha, nan mai sayarwa yake samun mu, nan mai saye yake samun mu. La'adarmu kuma daga hannu biyu take fitowa: mai gida ya ba da tasa, mai saye ya ba da tasa. Haka muka tarar. Ban taɓa tambayar dalili ba, ni dai karɓa nake yi.

Abin ya samo asali ne a motar haya, a hanyar Kano. An matse ni da wani mutum mai wayoyi biyu, sai na ji yana cewa a ɗaya daga ciki, "Alhaji, kada ka damu, in an gama ciniki zan mayar maka da wani abu daga la'adata."

Da ya kashe wayar na zungure shi. "Ranka ya daɗe, dillali ne kai?"

"Ejan ne ni, Baba."

"To ejan, kuɗi ya shiga aljihu kuma ya sake fita, ina ribar?"

Ya dube ni kamar yadda malaminmu na firamare yake duba na. "Baba, ba ka taɓa sayen gero an yi maka gyara ba? Mai awon da ta ƙara maka hannu ɗaya a kan mudu, gobe wurin wa za ka koma?"

Ya sauka ya bar ni da maganar. Na je Kano da ita, na dawo da ita, na kwana da ita. Ni a ganina na tsinci ilimin birni a ɓagas, kuɗin mota kawai na biya.

Ba a daɗe ba aminina ya aiko a kira ni. Tare aka yi mana kaciya, tare muka saci rake, tare aka zane mu. Matarsa ta rasu, idonsa ya fara rauni, ɗansa da yake kasuwanci a Zakirai ya matsa masa ya koma can. Na same shi a zaure.

"Kai, tsohon ɓarawon rake," in ji shi, "gidan nan zan sayar. Kai za ka sayar da shi. Ban yarda wani daga bencin nan naku ya shigo mini yana auna ɗakin matata da taku ba."

"Ka kwantar da hankalinka, makaho. Yadda zan sayar da nawa haka zan sayar da naka."

"Abin da nake tsoro ke nan," ya ce, muka yi dariya.

Gidan mai kyau ne: zaure, ɗakuna uku, rijiya, ga bishiyar lemo a tsakar gida wadda marigayiyar ta dasa. Aibinsa ɗaya, kwanon ɗakin baya ya ruɓe, yana zuba. Kuɗin da aminina ya sa wa gidan kuwa, ban faɗa masa ba, amma da bishiyar ya haɗa, da shekarun da ya yi a ciki, kuma ba wanda yake sayen shekarun wani.

Mutum ɗaya ne ya taya da gaske, wani malamin firamare da aka yi wa canji zuwa garinmu. Kakanninsa daga Barno suka zo, amma shi a Kano aka haife shi. Mutum ne mai ladabi har ya gajiyar da kai. Kafin ya gama gaishe ka shayinka ya huce. Ya yi adashi ya tara, amma tayinsa bai kai ba. Na riƙa zirga-zirga tsakaninsu. Wurin aminina na ce, ga damina ta kawo kai, ga ɗakin baya yana zuba, ga ba wani mai taya, ya sauko. Duk gaskiya na faɗa, ko harafi ban ƙara ba. Wurin malamin kuma na ce ya hau kaɗan.

"Baba, in na hau, da me zan yi rufi? Ga kuma la'adarka."

Nan ilimin motar haya ya motsa. Na sunkuya na ce masa, "Kai dai hau. La'adar da za ka ba ni, zan mayar maka da mafi yawanta, ka sayi kwano."

Ya hau, aminina ya sauko, suka haɗu a tsakiya. Aka tara shaidu, mai unguwa ya zo, aminina ya ce ya sallama, liman ya yi addu'a, aka raba goro. Kowannensu ya damƙa mini la'adarsa. Washegari na sami malamin a bayan makaranta na cika alkawari. Har idonsa ya kawo ruwa. Na dawo gida ina taku ɗaiɗai, ina jin a duk ƙasar nan daga Kunci har Zakirai babu dillali mai kai irin nawa.

Abin da na manta, ni da aka haifa a garin nan, shi ne mutumin kirki ba ya cin alheri shi kaɗai ya goge baki. Bi yake yi gida-gida wurin manyan wanda ya yi masa, yana cewa a taya shi godiya. Ni kaina na sha yi. Ejan ɗin motar haya bai faɗa mini wannan ba, wataƙila a inda yake aiki ba a godiya.

Malamin kuwa bai bar kowa ba. Ya je wurin liman. Ya je wurin mai unguwa. Ya tsaya a ƙofar gidana ya aika wa matata da gaisuwa da bayani dalla-dalla. Sannan ya tambaya wane ne mafi kusa da ni a duniya, aka nuna masa gidan da ya saya. Ya shiga ya tarar da aminina yana ɗaure kayansa, ya durƙusa ya ce, "Baba, na zo ka taya ni godiya wurin amininka. Tun kafin a gama ciniki ya yi mini alkawarin zai mayar mini da la'adata, kuma ya cika."

An ce aminina ya ce, "Madalla. Zan taya ka." Ya ci gaba da ɗaure tabarma.

Ni ban san an yi haka ba tukuna. Abin da na fara gani daɗi ne. Masu neman gida suka yi mini caa. Wani tsohon soja, wata mai sayar da fura da take neman fili, wasu malamai biyu abokan aikin mutumina, har wani daga Ɗanbatta da ban taɓa gani ba ya zo yana tambayar ina dillalin nan mai gyara. A masallaci mutane suna matsa mini wuri a sahun gaba. Na ce lallai ejan ya yi gaskiya.

A gida aka fara rage mini daɗin. Matata ta ajiye mini tuwo ta tsaya a kaina.

"Malam, ashe rabon kwano kake yi a gari?"

"Dabarar sana'a ce, ba za ki gane ba."

"Ai na gane. Ɗaga kanka ka dubi rufin ɗakin nan. Ko sai na sayi gida a hannunka za a gyara mini?"

Na ɗaga kai. Akwai wata huda da rana take leƙowa ta ciki, daidai kan kwanon miyata.

A benci kuma ba wanda ya matsa mini. Babbanmu, wanda ya girme ni a sana'ar, ya ce, "A'a, ga mai sadaka! Zauna mana, ko shi ma bencin mayar da shi za ka yi?" Suka kwashe da dariya, ban da shi. Ya ce yanzu duk mai saye da ya zo wurinsu, kafin a nuna masa gida sai ya tambayi nawa za a mayar masa. Ya ce na ɗebi tuwon kowa na yi kyauta da shi. Na ce nawa na bayar, ba nasu ba. Ya ce, "Naka ka bayar, namu ya ragu. Kai da ka yi boko, warware mana wannan." Ya san aji biyu na yi.

Abin da ya fi ɗaure mini kai daga baya ya zo. Masu sayarwa suka daina kira na. Wanda duk zai sayar da fili sai ya zagaye ni ya tafi wurin wani a bencin. Na wayi gari da jerin masu saye a bayana, ba ni da ko kangon da zan nuna musu. Su kuma 'yan bencin ga gidaje a hannu, masu saye suna wurina. Muka zauna a inuwa ɗaya muna hararar juna, kowa riƙe da rabin ciniki.

Na je wurin liman na tambaye shi, ko na yi haramun ne.

"Haƙƙinka ne," in ji shi. "Wanda ka so ka ba. Babu laifi a kyauta."

Na ji sanyi, na fara neman takalmina.

"Amma mai gidan ya san da alkawarin lokacin da kake ce masa ya sauko?"

"Bai sani ba, Malam. Ai ba daga kuɗinsa zan cire ba."

"Uhm," ya ce, ya mayar da idonsa kan littafi. Na jira ko akwai saura. Babu. Na fito da halal a hannu ɗaya, da "uhm" a ɗaya hannun, ban san wanne ya fi nauyi ba.

Ranar da motar kaya ta zo ɗaukar aminina, na je na kama musu. Na tsokane shi, na ce makaho ya kula kada ya hau motar wasu. Ya ce, "To, Alhaji." Ni ko Makka ban je ba, kuma tun muna yara bai taɓa kira na da sunan girma ba. Nan na san godiyar malamin ta iso.

Na sha zama a gona ina jera tsakuwa, wannan kuɗin gida, wannan la'adar aminina, wannan ta malamin. Ta kowace fuska na jera, aminina bai yi asarar ko sisi ba. Ba don alkawarin nan ba ma malamin ba zai hau ba, da gidan yana nan ruwa yana cinye ɗakin baya. Malamin ya yi rufinsa, 'ya'yansa suna wasa a gindin lemon, kullum ya gan ni sai ya sauka daga babur ya gaishe ni har in gaji. Kowa ya samu. Ni kaɗai na rasa, kuma ni ake fushi da shi. In kuwa na ce ba ni da laifi, sai in tuna ban iya faɗa wa aminina alkawarin ba a lokacin, na kuma rasa abin da ya hana ni.

Bayan an yi girbi na sayi goro na hau mota zuwa Zakirai. Na sa la'adar aminina a aljihu, cif yadda ya ba ni. Na ce in gyara ce ta ɓata, gyara za ta gyara: shi ma a mayar masa, a yi kunnen doki.

Na same shi a ƙofar shagon ɗansa, a kan tabarma. Ya karɓi goron, ya sa aka kawo mini ruwa, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Ya tambayi lemon, na ce ya yi 'ya'ya. Sannan na fito da kuɗin na tura gabansa.

"Mene ne wannan?"

"La'adarka. Yadda na mayar masa, kai ma na mayar maka."

Ya shafa kuɗin da hannu, ya turo mini abina. "Mayar aljihu. Ni ban ba ka don ka dawo da ita ba. Na ba ka don ka tsaya mini."

"Ai na tsaya maka! Wallahi ko kwabo ba ka rasa ba. Kawo tsakuwa in nuna maka."

"Na san ban rasa ba. Ɗana ma ya lissafa, ya ce gidan ya yi kuɗi."

"To mene ne?"

Ya ɓare goron, ya miƙo mini rabi kamar yadda muka saba. Na karɓa, na ɗauka an wuce wurin. Muka tauna, babura suna wucewa. Na shirya amsoshi iri-iri tun daga gida, har da ta mai awon gero, amma ban shirya wa tambayar da ya jefo mini ba.

"Ni abu ɗaya nake so in sani," ya ce. "Ranar da ka zauna a zaurena kana lissafa mini inda gidana yake zuba, dillalina ne ya zo, ko nasa?"