Amsar Yaya Rakiya

Ranar Juma'ar da muka fara cin sabuwar doya, a shekarar da na shiga aji huɗu, Yaya Rakiya ta manna mini gemun auduga a tsakar gidanmu na Zongo, a Parakou, ta ɗora ni kan kifaffen turmi ta ce daga yau ni ce marubucin. Tana lise, wato babbar sakandare, a lokacin, kuma malaminsu na Faransanci ya shirya musu wasan kwaikwayo a kan wani shahararren marubuci Bature, wanda yara ke son littattafansa, amma ya tsufa da ƙin Yahudawa har ya fito ya faɗa wa duniya. Yaya ce za ta fito a matsayin Bayahudiyar da ta je har gidansa ta ba shi amsa. Abokin gwaji ta rasa a gida, sai ni, ƙanwarta mai bakin tsiya, da ko tafiyar liman nakan kwaikwaya.

Haka muka yi ta yi, wajen feraye doya, wajen jan ruwa a rijiya, a hanyar kasuwar Arzèkè idan an aike mu cefane. Ta juya mini maganganun da Hausa don in gane. Na marubucin daɗin faɗi gare su, duk ba'a da habaici, yana ɗora wa mutanen nan laifin kowace masifa ta duniya, ni kuwa ina murza gemu ina jan murya. Nata a hankali suke fitowa, takan ajiye wuƙa, muryarta ta yi ƙasa. Na taɓa tambayarta ko ta taɓa ganin Bayahude. Ta ce, "Ban taɓa ba. Sai na ga mutum zan hana a zage shi?"

Da hutu aka kai mu Djougou, gidan kakanmu mai fataucin goro. Al'adar gidan ce jikokin da suka zo su shiga zaure su nuna abin da suka koyo, wani ya ja sura, wani ya yi ƙirga da Faransanci, a ba shi farin goro ya kai wa uwarsa. Maza na zaune sun buɗe huhun goro suna tsince masu sankara, ni kuwa da rawar kaina na miƙe na zuba musu marubucin tun daga farko. Zaure ya kece da dariya, ana cewa in ƙara. Kawu Sule, ƙanin Baba, ya buga cinya ya ce, "Ashe Baturen nan ya san gaskiya!" Na tsaya inda na saba tsayawa, na juya ina jiran Yaya, domin a sanina maganar ba ta ƙarewa a nan. Amma budurwa ba ta shiga zaure maza na ciki. Daga bayan asabari na ji ta fara amsar, ba ta kai ƙarshen numfashi ɗaya ba Baba ya daka mata tsawa. Da ya ji matsayin da aka ba ta, ya rantse 'yarsa ba za ta hau dandamali ta kira kanta Bayahudiya ba.

Wata ɗaliba aka ba matsayin, mu ko kallon wasan ba mu je ba. Yaya ba ta sake faɗin amsar ba, ko ni da ita. Ta yi aure, ta rasu wajen haihuwarta ta biyu, Allah Ya jiƙanta.

Yanzu ina Banikanni da nawa 'ya'yan, kakanmu ya daɗe da rasuwa, zaurensa ya zama shagon waya. Amma wani lokaci ina tsakar aiki sai in ji marubucin nan a kaina, da muryata ta yarinta, babu kalmar da ta ɓace. In na kai wurin da Yaya kan amsa nakan kasa kunne, abin yana ba ni tsoro, yana kuma ba ni tausayi. Amsar Yaya kuwa ko kalma ɗaya ban riƙe ba, domin duk sanda take faɗa, ni jira nake ta gama in ci gaba da tawa.