Kofin Ruwan Da Ban Yanke Ba

Yanzu wayoyi nake sayarwa, kuma kullum ina ganin samarin unguwar Sabo suna gwada sabuwar waya da waƙar da 'yan rawarta kusan tsirara suke. Ko kai ba sa ɗagawa, hira suke da Yarbanci a kan ƙwallo. Ni kuwa da ɓoye gwiwa na fara cin abinci.

Hayar kaset nake bayarwa a lokacin. Bidiyo biyu gare ni, ɗaya na kunnawa, ɗaya na ɗauka, yatsana a kan maɓalli. Da na ga jarumi ya doshi bakin jaruma, ko ruwan sama ya manne mata riga, sai in danne. Matan aure suka sa wa kasetaina suna wankakku. Magidanci zai tafi kasuwar Bodija sauke albasa hankalinsa kwance.

Amma ba mazan ke yanke hukunci ba. Akwai wata Hajiya mai sayar da atamfa a cikin gida, ita ke fara kallon duk sabon kaset. In ta ce a'a, to layinmu ya rufe mini ke nan.

Wata rana ta aiko in zo. Na durƙusa, sabon kaset ɗin da na kai mata yana gabanta a kan tabarma.

"Ɗan nan, wannan ka wanke shi kuwa?"

"Hajiya, wuri bakwai na yanke. Ko gwiwa ba a gani."

"Gwiwa! Ka taɓa jin auren da gwiwa ta kashe? Kunna mana."

Ta sa na yi ta wucewa har inda matar wani ke miƙa wa baƙo ruwa. A rufe take ruf har wuya. Ya kama kofin, ita kuma ba ta saki da wuri ba. Iyakar abin ke nan.

Aka maimaita. A karo na biyu sai na gano abin da take nufi. Sau uku na kalli fim ɗin nan ina farautar fata, ban ga wannan ba, ga shi tsohuwa ta tsinto shi tana auna yadi.

"Kai jiki kake nema," in ji ta. "Mu da muke zaune a ɗaki, ido muke karantawa. Je ka sake. In ka kuma kawo mini irinsa, ka nemi wata unguwar."

Kwana biyu na yi a kansa. Na yanke kallo, na yanke shiru, har wani tari na yanke. Fim ya rame, labarin ma da ƙyar yake tafiya.

Ta kalla daga farko har ƙarshe, ina tsugune ƙafata ta yi sanyi. Can ta ce, "To, a kai wa matan."

Na miƙa hannu zan ɗauki kaset na farkon, mai kofin ruwan, sai ta dafe shi.

"Wannan bar shi nan wurina."

Ban tambaye ta dalili ba. Kafin la'asar gida huɗu sun aiko neman sabon.