Waken Inna da Barewar Kawu

A Madina ba a farauta. Tantabarun tsakiyar gari sun fi ɗalibaina da yawa sanin wannan hukunci, shi ya sa za ka ga ɗaya ta tare maka hanya tana tafiyar ƙasaita, kai ɗan maharbi ka kauce mata. Ubana maharbi ne a wani ƙauye arewa da Katsina. Ni kuwa karatu ya kawo ni nan, koyarwa ta riƙe ni, aure ya zaunar da ni a unguwar Bani Harisa. Abin da na gada a wurinsa bai wuce ido ba. Daga nesa nakan bambance namijin dabba da tamata tun abokin tafiyata bai gama tantance dabba ce ko dutse ba. Shekara da shekaru idon nan bai amfane ni da komai ba, sai gano mai satar amsa a layin baya.

Kawun matata yana da gonar dabino a Khaibar. Kakansa ne ya tako da ƙafa daga ƙasar Hausa ya zo aikin hajji bai koma ba, don haka Kawu ɗan ƙasa ne, da tsohuwar Hausarsa wadda Larabci ya cinye wa gefe da gefe. A bayan gonar, inda baƙaƙen duwatsu suka fara, ya kewaye fili mai faɗi da waya ya zuba bareyi da izinin hukuma. Kallonsu kawai yake yi da la'asar yana kurɓar gahawa, ko da yake yanar ido ta fara rufe masa gani, abin da yake gani bai wuce inuwarsu ba.

A gefen wannan waya na shuka waken Inna.

Wake ne ƙanana, masu ɗigon ja a jiki, da sukan nuna ba tare da kanwa ba. Mahaifiyata ce kaɗai na san tana noma irinsa, a bayan ɗakinta, kuma ita ma daga tata uwar ta samu. Zuwana gida na ƙarshe tana da rai ta ƙulle mini cikin tafin hannu a tsumma, ta barbaɗa toka saboda ƙwari. Bayan rasuwarta aka raba gida, aka yi gini a bayan ɗakin. Na bi 'yan'uwana mata ɗaya bayan ɗaya ina tambayar ko akwai mai sauran iri. Duk sun dafa. Kenan abin da ya rage na waken nan a duniya, iyakar sanina, yana cikin akwatina a gidanmu na hawa na uku, kuma ƙwari sun fara huda shi. Da zafi ya fara sauƙi na roƙi Kawu kunya uku kusa da famfon ban ruwa, na shuka duka. Kowace Juma'a bayan masallaci sai na kama hanyar Khaibar. Ya tsiro, ya yi yaɗo, ya yi fure, har ya fara zuba 'ya'ya sirara kamar tsinke. Na yi wa kaina alkawarin ko ƙwaya ɗaya ba zan ɗanɗana ba sai na cire iri.

Wata Asabar da hantsi, bayan na kwana a gonar, na zagayo na sami wata barewa a tsakiyar kunyoyin. Ta tsallako waya. Babu ganye, babu fure, har jijiyar ta tumɓuke, yaɗo na ƙarshe yana lilo a bakinta. Kunnenta na hagu a tsage yake, tsohon ciwo. Ba ta gudu ba. Ta dube ni da idanun nan da mawaƙan Larabawa suka ƙarar da tawada a kansu, ta haɗiye, sannan ta koma ta inda ta fito ba tare da gaggawa ba. Na karanta baitoci masu yawa a kan idon barewa, na ma koyar da wasu. Babu mawaƙin da ya taɓa faɗin cewa idon marar kunya ne.

Kawu ya ce, "Ma'alesh, yi haƙuri, ya ustaz. Wake ne. Gobe in sa a kawo maka buhu daga kasuwa."

Na ce na gode. Na koma Madina na buɗe littattafai, don ni mutum ne da ba ya son yin mugunta sai da hujja. Malaman fiƙihu sun raba ɓarnar dabba gida biyu: ta dare a wuyan mai dabba take, ta rana kuwa a wuyan mai shuka, don shi ya kamata ya tsare kayansa. Da rana ta ci. Har yau ban yarda cewa ba ta san babin ba.

Matata, wadda a nan aka haife ta, takan fara magana da Hausa ta ƙarasa da Larabci idan abin ya ba ta dariya. Ta same ni a kan littafin ta ce, "Malam, wai da gaske da barewa kake gaba? Wallahi ka ba ni kunya. Ka kai ta mahkama mana, ka ɗauki lauya."

"Ba na gaba da kowa."

"To me ya sa ka daina cin alala?"

Na mai da ido kan littafina. Wake ko wane iri ne ya daina wuce mini maƙogwaro.

Da sanyi ya shigo, lokacin barbara ya kama, mazan bareyin suka haukace. Sun yi yawa a filin. Ba ci ba sha, sai karo da ƙaho daga safe zuwa yamma, har aka wayi gari an tsinci ɗaya da ciki a farke. Kawu ya kira ni a waya. Zai rage maza biyu, ya ce, ya yi takardun da ake bukata, bindigarsa ma mai rajista ce, hannunsa kuma bai fara rawa ba. Ido ne babu.

"Ina ganin jiki, amma ban ganin ƙaho. Kai ne idona, ya waladi. Ka ce wannan, in harba. Amma maza kawai. Mace a wannan lokaci haram alaik, ko ta ɗauka ko tana shirin ɗauka. In ka kashe ɗaya ka kashe biyu."

Wannan doka ba sabuwa ba ce a wurina. A ƙauyenmu, maharbin da ya kayar da mace lokacin barbara ba a zaginsa, ba a dukansa. Shi kaɗai zai saɓo namansa, in ya zo rabo kowa ya mai da hannu baya, ya je ya ci abinsa shi kaɗai har ya yi wari. Sau ɗaya na ga an yi wa wani haka ina ƙarami, kuma ubana ne ya fara mai da hannu. Akwai kuma dalilin da ba na tausayi ba, wanda shi maharba suka fi faɗa a tsakaninsu: a wannan lokaci mace ita ce igiyar da ke jawo maza. Ka bar ta a tsaye, su da kansu za su zo inda take. Ka kayar da ita, su watse cikin duwatsu.

Duk na san wannan. Amma a hanyar Khaibar abu ɗaya nake juyawa a raina: matan irin waɗannan bareyi su ma suna da ƙaho, siriri ne kawai, kuma Kawu ba ya ganin ƙaho.

Muka zauna bayan wani tarin duwatsu da ke fuskantar kwamin ruwa, rana ta ɗan ɗaga, iska tana busowa daga wajensu zuwa wajenmu. Kawu ya ɗora bindiga a kan dutse. Muka zuba ido. Can sai ga ta, ita kaɗai, ta fito daga bayan wata ƙaya ta nufo ruwa. Kunnen hagu a tsage. Ta yi ƙiba, kuma na san da abin da ta yi ta. Ta tsaya ta ba mu gefe, cik, kamar an zana ta a allo don koya wa yara inda zuciya take.

Kawu ya kwantar da kumatu a kan bindiga. Ya raɗa, "Wancan fa? Namiji ne?"

Kalma ɗaya ake nema. Da ta faɗi zan dafe kai in ce ido ya yaudare ni, rana ce ta haske ni. Wa zai ƙaryata malami? Na buɗe baki. Sai na hango yadda abin zai kasance: ƙara ɗaya, ta faɗi, ba ta san me ya same ta ba, ba ta san don me ba, ba ta ma san ina wurin ba. Ta mutu da ƙoshi. Daga nan a ɗora ta a kan shinkafa a ajiye a gabana, ni da na kasa cin wake in zauna ina cin wadda ta ci waken. Kuma ko babu wanda ya mai da hannu baya a kan wannan tire, na san hannun ubana zan riƙa gani. Wannan ba hukunci ba ne, sallama ce.

"Mace ce, Kawu. Dakata. Yanzu za su zo."

Suka kuwa zo. Na farko wani tsoho ne mai karyayyen ƙaho ɗaya, gashin wuyansa duk ya zube, yana tafe yana wani gurnani kamar mai tari. Da ya matso ta yi tsalle gefe ta kai masa harbi da ƙafa. Na biyu matashi ne mai rawar kai, shi ma ta ba shi baya, amma ba da zafi ba. Sannan na uku ya sauko daga kan duwatsu. Ban taɓa ganin namijin barewa kamarsa ba: wuya a cike, ƙahoni dogaye sun lanƙwasa daidai da juna, yana taku kamar filin gadonsa ne. Sauran biyun suka ja baya. Ita kuwa, marar kunyar nan da ta dube ni ido cikin ido da yaɗon Inna a baki, sai ta sunkuyar da kai, ta kaɗa wutsiya, ta matsa ta goga wuyanta a nasa.

A nan na ji wani sanyi ya sauka a ƙirjina, irin wanda ban ji ba tun ranar Asabar ɗin nan.

"Na dama, Kawu. Babban."

"Akid? Ka tabbata namiji ne?"

"Namiji ne. Shi ne ma mai farke cikin 'yan'uwansa."

Ban yi ƙarya ba. Akwai busasshen jini a tsinin ƙahonsa na hagu, na gani. Kawu ya yi bisimilla ya harba. Ya faɗi a gabanta, kusa har ƙurar ta taɓa ta. Ta yi tsalle ta ruga, ta tsaya can nesa tana waige, kunnen nan a miƙe. Na tashi tsaye don ta gan ni da kyau, sannan na sauka da wuƙa na yanka.

Na biyun bai ba mu wahala ba. Kafin azahar macen ta dawo neman ruwa, matashin nan yana biye da ita, yana ganin sarauta ta faɗo masa. Na nuna shi. Ya rage saura mai karyayyen ƙaho da wasu ƙanana da ba su isa komai ba.

Da aka jawo su inuwar dabino, Kawu ya durƙusa ya shafa ƙahonin babban da hannu, daga tushe har tsini. Ya daɗe yana shafawa. Sannan ya ɗago.

"Ya ustaz, wannan ai shi ne angon."

"Shi ne mai kisan, Kawu."

"Na ji. Wa ka bar mata?"

"Akwai wani dattijo mai hankali. Ƙahonsa ɗaya."

Sai ya fashe da dariya har da tari, yana dukan cinya. "La haula! A kan wake? Wallahi kai mugu ne. Na ba da 'yar ƙanwata ga mugu ban sani ba. Gara da ka ce in harbe ta!"

"Ai kai ka ce haramun ne."

Da yamma aka yi mandi, shinkafar Larabawa da naman a kai. Na ci, na ƙara, na tsotse ƙashi. Matata, da muka zo tare, tana kallona ta ce da Larabci Allah ya shirye ni, na ce amin da Hausa. A makon nan na ci alala.

Ba zan ce an biya ni ba. Waken Inna ya tafi, babu namijin barewar da zai dawo da shi, kuma duk lokacin da na wuce kunyoyin nan, da yanzu aka shuka albasa a cikinsu, abin yakan taso mini sabo. Amma na ga yadda sauran sanyin nan ya ƙare mata. Duk Juma'ar da na je, tana gaba, mai tarin nan yana biye, daga wannan kusurwar waya zuwa waccan, har ta gaji da gudu.

Da zafi ya dawo ta haihu. Ɗa guda, mai ƙaton kai da guntun wuya, kamar an tsaga kara da ubansa mai ƙaho ɗaya. Kawu ya ce in duba masa mace ce ko namiji. Na duba da kyau, na sake dubawa.

Namiji ne. Dokar Kawu da ta ubana duk mata suka kare, ba su ce komai a kan ɗan da ƙahonsa ya gama fitowa ba. Yanzu duk zuwana nakan tsaya a kasuwa in sayi ɗaurin ganye mai kyau. Ya saba da ni, da ya ji motata yake tahowa bakin waya, ina miƙa masa yana ci a tafin hannuna. Yana ƙiba sosai. Uwar takan tsaya daga nesa, da tsagaggen kunnenta, tana kallonmu.