Takardar da Ban Aika Ba

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, sha ɗaya ga watan Maris, da misalin ƙarfe goma na safe, Allah Ya karɓi ran tsohon shugaban 'yan sandan ƙasarmu, bayan jinyar wata huɗu. Ina kicin ina wanke kofuna babbar 'yarsa ta kira ni. Ba ta iya ƙarasa maganar ba, ni ma ban bari ta ƙarasa ba.

Yallaɓai, jaridu sun yi ta yabonka a makon nan, kuma ba su yi ƙarya ba. Sun faɗi yadda ka faro daga kurtu mai ba motoci hannu a mararraba, ka koma binciken motocin sata da ake tsallaka iyaka da su, har ka riƙe rundunar baki ɗaya shekara shida. Sun faɗi shekarun da ka yi kana wakiltarmu a zauren 'yan sandan ƙasashe, da yara arba'in da ɗaya da ka ƙwato daga hannun masu safara a wata tashar jiragen ruwa. Amma kowace jarida sai ta rufe da magana guda: wai sakacinka ne ya sa aka tsare wani direba marar laifi, shi ya hana ka shugabancin zauren. Shekara goma sha tara ana jingina maka wannan. Ba sakacinka ba ne, nawa ne. Ka ce in yi shiru muddin kana raye, na kuwa yi.

Ni ce sajan ɗin da kake kira Auta, don ni ce ƙarshen zuwa ofishin hulɗa da ƙasashen waje. Ɗaki ne mai tebur huɗu da fanka mai ƙara, a ƙarshen barandar da ofishinka yake. Shugabannin da suka gabace ka ba su san launin ƙofarmu ba. Kai kuwa kullum sai ka leƙo, wai duba aiki, alhali kowa ya san gwangwanin sukarin da ke aljihun teburina kake nema, tun da likita ya hana ka, matarka Hajiya kuma ta kafa maka doka a gida. Gaisuwar kowace ƙasa ka koya, kuma babu wadda ba ka karya wa ƙafa ba. Baƙi su yi ta dariya, kafin su farga sun sa hannu a kan abin da ka zo nema.

Kana da faɗa, ba zan ɓoye ba. Duk wanda ya kira mutum da lambar fayil a gabanka ya shiga uku. Sai ka cire tabarau ka ce, "Uwarsa lamba ta raɗa masa?" Na sha kuka a bayan kabad saboda kai. Amma lokacin da mijina ya kwanta asibiti, kai ka fara zuwa, kafin 'yan'uwansa.

Aikinmu shi ne aika sanarwa ga ƙasashe idan ana neman wani. In kotu ta wanke shi, sai mu aika takardar janyewa, a goge sunansa daga kowace iyaka. Takardar biyu ce: fara ta tafi, rawaya ta zauna a fayil da hatimin "an aika". Don rage aiki, mun saba mu buga hatimin tun da safe gaba ɗaya, sannan mu aika da rana. Wata Alhamis ka sa hannu a kan janyewar wani direban tirela da kotu ta sallama. Na buga hatimi. Aka kira ni daga makarantar ɗana, na tashi a gurguje na rufe fayil ɗin, farar tana manne a ƙarƙashin rawayar.

Bayan wata bakwai aka kama direban a wata iyaka mai nisa, da kaya a motarsa. Ya yi ta rantsuwa an wanke shi, babu mai jin harshensa. Sai da ya yi wata biyar a tsare kafin wasiƙar matarsa ta iso gare mu. Na buɗe fayil da ƙarfin gwiwa don in nuna mun yi namu, sai ga farar takardar, fes, kamar yau aka buga ta.

A lokacin saura mako shida a zaɓi shugaban zauren, kuma kowa ya san kai ne a gaba. Na kawo maka takardar. Mataimakinka yana wurin. Ya ce, "Ranka ya daɗe, a bari zaɓe ya wuce, sai a gyara cikin sirri. Ko kuma a kori wadda ta yi, a faɗa wa duniya."

Ka dube shi ka ce, "Mako shida a ofis daban, mako shida a kurkuku daban." Sannan ka juyo gare ni. "Auta, shekara nawa kuna buga hatimi kafin ku aika?"

Na ce, "Uku, Yallaɓai."

"Shekara uku ina shigowa ɗakinku ina gani, ban hana ba. Je ki wanke fuskarki. Kada in ji wannan magana a bakinki."

Kashegari ka hau jirgi. Kai da kanka ka tsaya gaban alƙalin can ka ce kuskuren daga ofishinka ne, kai da kanka ka fito da mutumin, kuka dawo kujera kusa da kujera. A taron zauren ka miƙe ka faɗi abin da ya faru gaban wakilan ƙasashe, ba ka ambaci sunan kowa ba sai naka. Ka faɗi zaɓen da ƙuri'a huɗu. Daga wannan taron aka kafa dokar cewa kowace janyewa sai ƙasar da aka aika wa ta amsa ta samu. Allah kaɗai Ya san mutum nawa dokar ta tsare daga ɗakin da direban ya kwana.

Ni kuwa na ci gaba da aiki, aka yi mini ƙarin girma sau uku, na yi ritaya da lambar yabo. Na ci abinci a gidanka, Hajiya ta riƙe ni kamar 'yar cikinta. Na ji da kunnena ƙaramin ɗanka yana cewa ya bar makarantar horar da 'yan sanda saboda gorin da ake yi masa da sunanka. Ina zaune a falon, na sunkuyar da kai. Na fake da alƙawarin da na yi maka, amma gaskiya tsoro ne ya fi yawa.

Ranar Juma'a na je gaisuwa. Na jira mutane suka ragu, na durƙusa gaban Hajiya na faɗa mata komai. Ta ce, "Ya ce mini akwai wani. Na yi ta tambayarsa shekara da shekaru, ya ce ya manta sunan. Ashe ke ce, Auta." Na ce, "Ni ce, Mama." Ta ce, "To, ki rubuta. Yaran nan su karanta a inda suka karanta wancan zargin." Ba ta ce ta yafe ba, ban kuma ga laifinta ba.

Ga shi na rubuta. Kai kuma direba, in kana raye ko 'ya'yanka suna karanta wannan: wata biyar ɗinka a wuyana suke, ba a wuyan mutumin da ya je ya ɗauko ka ba. Ina roƙon gafararka.

Ya Allah, bawanKa ya zo gare Ka. Ya rufa asirin wadda ba ta cancanta ba, Ka rufa nasa ranar da babu mai rufawa sai Kai. Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata makwancinsa, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya, da 'ya'yansa biyar, da jikokinsa, da duk wanda ya taɓa sara masa. Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi. Mahaifinku bai yi sakaci ba ko na rana ɗaya, ku ɗaga kanku. Mu kuma in tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.